Yadda Kafaɗar Khamisu Mahauci ta Saki

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Tsanyawa ya gangara layin 'yan nama, ya san Malam Khamisu. Dogo ne, mai faɗin tafin hannu, kuma ba ya iya yanka maka nama bai haɗa maka da labari ba. Gidansa yana ƙauyenmu, 'Yan Kanya, tafiyar da ba ta kai rabin awa a babur ba. Ni tela ne, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Saboda haka abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani na jiyo ta saman katanga, sauran kuwa shi ya ba ni da bakinsa, ba sau ɗaya ba.

Fawa gadonsa ce. Tun yana ɗan shekara tara mahaifinsa yake ba shi ƙafar akuya ya riƙe ana fiɗa, kafin ya kai ashirin yana feɗe saniya shi kaɗai bai huda fata ba. Amma abin da ya fito da sunansa kilishi ne. Yakan buɗe tsoka da wuƙa, ya yi ta shimfiɗa ta har ta koma kamar takarda. Daga Bici, har daga cikin Kano, ana aiko masa in za a yi biki. Da damina kuma ya ɗauki fartanya kamar kowa, yana da gonar gero da 'yar ta gyaɗa a bayan gari. In ka haɗa fawar da noman, shekara arba'in ya yi a sunkuye.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Wata ranar kasuwa, yana da shekara hamsin da bakwai, ya ɗaga cinyar saniya zai rataye a ƙugiya, sai hannunsa na dama ya tsaya daidai kafaɗa kamar wani ya riƙe shi ta baya. Ya sauke, ya sake gwadawa, zafi ya tsarga masa har wuya. Ya rataye da hagu ya ci gaba da ciniki, yana cewa kwanciya ce ya yi ba daidai ba. Kafin a gama kai amfanin gona gida, riga ma sai matarsa Barira ta zura masa. Wuya ya ƙage, baya ya bi sahu. In aka kira shi ta baya, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya.

Amininsa Sama'ilu, wani manomi da suka yi wasan ƙasa tare, ya samu abin tsokana. Yakan lallaɓo ta bayansa ya yi sallama don kawai ya ga juyin.

"Jama'a a ba da hanya, tirela za ta yi kwana," in ji Sama'ilu.

"Za ka tsufa ka same ni."

"Ai na girme ka da wata huɗu, ga ni nan garau."

Ba a zauna ba wajen neman magani. Wanzami ya yi masa ƙaho har sau uku. Man zafi kuwa ya shafa har kyanwar gidan ta daina zama kusa da shi. Daga baya ya je asibiti aka ɗauki hoton kafaɗar, likita ya ce babu karaya babu gocewa, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya riƙa motsa hannun a hankali kullum. Khamisu ya sha ƙwayoyin, amma maganar motsi a bakin ƙofar asibitin ya baro ta. A ganinsa abin da ke ciwo hutu yake so. Ya samu wani tsohon rawani ya rataye hannun a wuya, ya koma yanka da hagu. Kilishin ya fara kauri, kuma wannan ya fi ciwon damunsa.

Da bazara 'yarsa Nazira ta dawo hutu. Tana karatun motsa jiki da kiwon lafiya a kwalejin horar da malamai ta Bici. Kullum da safe in ta gama shara, sai ta shimfiɗa tabarma a gefen rumbu ta yi ta wasu motsi a hankali, ta lanƙwasa, ta tsaya tana numfashi, ta miƙe. Ran farko Barira ta ajiye taɓarya ta tsaya kallonta.

"Ke, ciwon ciki ne?"

"Miƙa ce, Inna. Malamarmu ta koya mana. A wasu ƙasashen yoga suke ce mata." Ta juya wajen mahaifinta da ke shan koko a bakin ƙofar ɗaki. "Baba, da za ka gwada, da kafaɗar nan ta ɗan saki."

"Ni da furfurata in kwanta rub da ciki ina ɗaga kai kamar ƙadangare? Kuma na ji abin nan na Indiyawa ne. Rawarsu da muka kalla a fim ta ishe mu."

Nazira ba ta ja maganar ba. Ta san halin mahaifinta, in ka tura shi gabas, yamma zai nufa.

Bayan 'yan kwanaki aka kawo masa aikin kilishin biki. Yana zaune a zaure da tsoka a kan katako, yana fama da hannun hagu, Nazira ta kawo masa ruwa ta tsaya tana kallo. Ya sa bakin wuƙa ya ɗago wani siririn farin abu mai sheƙi da ya lulluɓe tsokar, ya fara janye shi.

"Baba, wannan yaya kuke ce masa?"

"Tantani mana."

"Sati biyu muka yi ana koya mana shi a aji. A littafi fasiya ake ce masa. Hotonsa kawai na gani, ban taɓa sa hannu a kai ba."

Khamisu ya ajiye wuƙa. Jin cewa akwai abin da ake sati biyu ana karantawa a kwaleji, alhali shi kullum jefa wa kyanwa yake yi, ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce ta zauna. Ya kama yatsanta ya zura tsakanin tsoka biyu.

"Kowace tsoka da rigarta. Kin ga wannan da wannan? Ba a manne suke ba, tantanin ne a tsakani, shi ya sa suke zamewa a kan juna. Kuma ba guntu-guntu yake ba. In kika kama shi a wuya kika bi, sai ya kai ki har ƙafa bai yanke ba. Mahaucin kirki ba ya sara barkatai. Hanyar tantani yake bi, naman ya buɗe da kansa."

"In aka fizge shi fa?"

"Ya yage, ya tafi da tsoka. A hankali ake ja, a tsaya, a sake ja. Kuma da ɗuminsa ya fi biyayya. In nama ya huce sai ya yi taurin kai."

"Na kowace dabba iri ɗaya ne?"

"Ina fa. Akuyar da ke yawo tana hawan katangar mutane, nata sumul yake, har santsi yake yi. Amma ragon da ya yi wata shida a turke, ko saniyar da ta yi jinya a kwance, ni dai abin da na saba gani, sai ya yi kauri ya manne, sai an yi da gaske."

Nazira ta dubi rawanin da ke rataye da hannunsa. Shi ma ya sunkuya ya dube shi.

"Wato ni ne ragon turken," in ji shi.

"Ni dai ban faɗa ba, Baba."

"Mutum ma yana da shi?"

"Daga kai har tafin ƙafa. Malamarmu ta ce ba shi kaɗai ke kawo ciwo ba, amma gaɓar da aka daina motsawa ƙara ƙagewa take yi. Ai abin da likita ya gaya maka ke nan."

Duk da haka bai fara ba sai da ya je wurin limamin unguwarmu, Malam Abdulmumini, ya kwatanta masa abin. Liman ya saurara har ƙarshe.

"Akwai wanda ake rusuna wa a ciki? Akwai abin da ake karantawa?"

"Babu, Malam. Numfashi ne kawai da lanƙwasa."

"To miƙa ce. Kyanwa ma kullum tana yi, ba wanda ya taɓa kawo mini ƙararta."

Washegari aka kwance rawani. Nazira ta jiƙa tawul da ruwan ɗumi ta ɗora masa a kafaɗa, tunda shi ya ce da ɗumi ya fi biyayya. Sannan ta tsayar da shi yana fuskantar bangon ɗaki, ta ce yatsunsa su hau bangon kaɗan-kaɗan. In ya ji ja, ya tsaya. Kada ya kai ga zafi. Ya yi numfashi biyar a wurin, dogaye, sannan ya sauko.

"Kuma hankalinka ya kasance a kafaɗar, Baba. Kada jikinka yana nan, zuciyarka tana kasuwa."

Wannan ne ya fi ba shi wuya. Ya gaya mini cewa da ya fara numfashin farko sai tunanin shanu ya zo, na biyu kuma taki, kafin na uku ya manta ma abin da yake yi. Amma da ya dage, sai ya fara jin abubuwa. Ya gane ba kafaɗar kaɗai ke riƙe ba, jan yana tasowa ne tun daga haƙarƙari ya bi ta hammata. Ya gane kuma duk sanda zai ɗaga hannu, sai ya danne numfashi ya cije haƙora tun kafin zafin ya zo. Ya ce da ni, "Na san jikin saniya kamar tsakar gidana, amma nawa ban taɓa tsayawa na saurare shi ba."

A sati na uku ya ji sauƙi, sai gaggawa ta kama shi. Ya ga wannan hawan bango na yatsu ba zai kai shi ko'ina ba. Da safe, Nazira ta tafi ɗebo ruwa, ya kama reshen darbejiyar tsakar gida da hannun dama ya saki nauyinsa. Salatinsa na jiyo ta saman katanga. Kwana huɗu bai fita ba. Barira tana gasa masa kafaɗa tana cewa, "Kai ne fa ka zaunar da yarinya kana mata wa'azi kada a fizga." Yana nishi yana dariya, ya ce a rufa masa asiri kada Sama'ilu ya ji.

Da hutu ya ƙare Nazira ta koma makaranta, Barira ta karɓi aikin. Ta samu gawayi, duk Juma'a ta ja layi a inda yatsunsa suka kai. Wani satin layin ya hau da faɗin yatsa biyu, wani satin ya zauna inda yake. Bayan wata biyu ya sa hula da hannun dama. Bayan wasu watannin ya zura riga da kansa, ya fito tsakar gida ya tsaya har sai da Barira ta lura. Kafin ta tafi, Nazira ta koya masa wasu motsin na baya da na wuya, yana yin su a zaure in gari ya waye. Abin da ya fi ba shi mamaki kuwa salla ce. Ya ce tun kafin ciwon, ruku'unsa kamar na mai tsintar allura yake, ya sunkuya ya ɗago. Yanzu yakan tsaya har kowace gaɓa ta zauna inda take, yadda malamai suka daɗe suna faɗa.

Asirin bai daɗe a rufe ba. Wata safiya Sama'ilu ya yi sallama ya shiga zaure bai jira amsa ba, ya tarar da amininsa a kan gwiwoyi da tafukan hannu, yana gantsare baya yana saukewa.

"Me ya faɗi, in taya ka nema?"

"Ƙuruciyata," in ji Khamisu, bai ko ɗago ba.

Kafin azahar labari ya zaga gari. Sati guda duk inda Khamisu ya gifta sai wani ya yi kukan kyanwa. Shi kuwa sai ya juyo da wuya kaɗai ya dubi mai yin, ya wuce.

Damina ta sauka, aka shiga noman fari. Sama'ilu yana tsakiyar gonar gero da fartanya, ya zo miƙewa bayansa ya ƙi. A amalanke aka kawo shi gida. Aka kai shi asibiti, aka ce tsoka ce ta riƙe, ya sha magani ya huta kwanaki. Ran da ya fara fita, gidan Khamisu ya nufa, yana tafe a karkace yana dafa katanga.

"Na zo ne a kan ƙuruciyar nan da ka yar kake nema," in ji shi.

Na zaci Khamisu zai rama. Sai kawai ya miƙa masa buhu ya ce, "Shimfiɗa. Kuma ka bar taurin kai a waje tare da takalmanka."

Ni ne na uku, don keken ɗinki ya daɗe da cin bayana. Liman ya zo na huɗu. Ya ce duba mu ya zo yi, amma da buhunsa a hammata, kuma kowa ya san gwiwoyinsa. Da zaure ya yi mana kaɗan muka koma gindin ɗorawar da ke bayan masallaci. Yanzu mukan kai tara ko goma, tun hantsi bai yi ba, kafin kowa ya kama hanyar gona. Ba ma wuce kwata na awa. Khamisu ya raɗa wa motsin sunaye da kansa. Akwai miƙar kyanwa, akwai leƙen ƙadangare, wanda a da ya rantse ba zai yi ba. Akwai tsayuwar zalɓe da ake yi da ƙafa ɗaya, wadda har yau Sama'ilu sai ya dafa ɗorawa yana cewa ƙasar wurin ce ba daidai ba.

Koyarwarsa ta mahauta ce. Yakan zaga a tsakaninmu yana kallonmu kamar dabbobin da aka kawo kara. "Wannan awazarka yake buɗewa. Ka ji shi a karfata? To tsaya nan, kada ka ƙara. Yi numfashi, malam, ba a ruwa kake ba." In wani ya zo da kumburi, ko ya ce ƙafarsa tana mutuwa, ba ya barinsa ya shimfiɗa buhu. "Tafi asibiti tukuna. Ni mahauci ne. Duk abin da ya saba zuwa hannuna ba ya tashi." A cikin gida kuma Barira ta tara nata mutanen, matan da daka da ɗaukar ruwa suka riƙe wa wuya. Dariyarsu ta fi tamu yawa, ina jiyo su ina ɗinki.

Hannun bai dawo duka ba. Sai da ya kusa shekara kafin ya sake rataye cinyar saniya a ƙugiya da dama, kuma har yanzu ba ya iya kai hannu tsakiyar bayansa. In ƙaiƙayi ya kama shi a nan, muciyar Barira yake ara. Amma wuƙa ta koma hannun da ta sani.

Nazira ta ba malamarta, Malama Hafiza, labarin zaure da tantani. Malamar ta aiko cewa tana roƙon Malam Khamisu ya zo ya nuna wa ɗalibanta abin da idonsu. Ya yi kwana uku yana cewa ba za shi ba, shi da bai taɓa zama a benci ba me zai gaya wa masu karatu. Ran na huɗu ya sa na goge masa babbar rigarsa ta salla. Ni na raka shi, tunda ina da sayen zare a Bici. Ya naɗe karfatar akuya a takarda ya sa a leda, ya rungume ta a cinya har muka sauka.

Ɗaliban sun kai sittin, maza da mata. Da ya tsaya a gabansu, gaisuwa ma sai da ya maimaita. Amma da ya naɗe hannun riga ya ɗauki wuƙa, sai ya koma Khamisun kasuwa. Ya ɗago tantanin a bakin wuƙa ya ɗaga shi wajen taga, ya sa suka zo layi-layi suna taɓawa. Ya ja a hankali suka ga yana bi, ya fizga suka ga ya yage. Malama Hafiza tana gefe tana faɗin sunayen abubuwan a littafi, shi yana faɗin nasu na mahauta, ɗalibai suna rubuta duka biyun. Wani dogon saurayi daga baya ya ɗaga hannu.

"Baba, a ina ka yi karatun wannan?"

"A jikin shanu. Malamaina suna da yawa, sai dai ba wanda ya taɓa yi mini tambaya."

Da aka gama dariya ya ce kowa ya miƙe ya ɗaga hannuwa sama, numfashi biyar. Ya zaga yana dubawa, ya girgiza kai. Ya ce rabinsu wuyansu ya fi nasa ƙagewa, kuma ya san wayar hannu ce. Naman ya bar wa Malama Hafiza, ya gaya mata yadda za ta dafa shi kada ya yi tauri. Nazira ta rako mu har bakin titi, tana murmushi, ta karɓi ledar wuƙaƙen ta riƙe masa har mota ta zo.

A hanyar dawowa muka samu gidan gaba. Direban, wani mai suna Fatihu, ya cusa matashi a bayansa, duk ramin da muka faɗa sai ya yi ɗan nishi. Khamisu yana ta kallonsa ta gefen ido. Da muka iso tashar Tsanyawa fasinjoji suka sauka, ya ce, "Ɗan nan, zo." Ya sa shi ya dafa jikin motar da hannu biyu, ya ja ƙafafu baya, ya sauke ƙirji a hankali. Sauran direbobi suka taru suna tambaya ko tura motar za a yi. Fatihu ya so ya miƙe don kunya, Khamisu ya dafa bayansa ya ce, "Rabu da su. Numfashi biyar. Ina kake jin sa?"

"A ƙugu, Baba. Har bayan cinya."

"To nan ne. Tsaya a nan."

Da ya miƙe ya ɗan taka, ya juya hagu ya juya dama, ya tsaya yana kallon Khamisu.

"Baba, a ina ake samunka?"

"Layin 'yan nama, ran kasuwa. Ka zo da wuri kafin ciniki ya buɗe, ka taho da buhun shimfiɗa."

Muka hau babur muka kama hanyar gida ta cikin gonaki. Gero ya fara fitar da kai, Khamisu yana bayan ɗan acaɓa yana nuna mini gonar Sama'ilu, wai ciyawa ta fi geron yawa.